3.4 Ɗaukar Hoton Sararin Samaniyar Kudu Daga Ƙofar Dawanau

Kamar yadda aka bayyana a sashen da ya gabata, galaksi shi ne tarin taurari masu ɗimbin yawa, nebula kuwa gajimare ne na ƙura da iskar gas. Wannan sashe zai duba yadda mai sha'awa, wanda ba masani ba, zai iya ɗaukar hotonsu daga Kano.

Birnin Kano yana kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka mazauninsa na iya hangen abubuwan da mutumin Ingila ba ya taɓa gani daga ƙasarsa. Daga cikinsu akwai nebular Karina, wadda Lacaille ya gano daga Afirka ta Kudu wajen 1752, da galaksin Sentaurus A, da kuma Babban Gajimaren Majelan, wanda haskensa kan yi shekara kusan 160,000 kafin ya iso duniya. A cikin wannan gajimare ne wani tauraro ya fashe a Fabrairun 1987.

Sai dai ganin abu daban, kama shi a hoto daban. Idan sun kai ƙololuwarsu, Sentaurus A kan ɗaga digiri 35 daga doron ƙasa, Karina digiri 18, Gajimaren Majelan kuwa digiri 8 kacal. Ƙofar Dawanau tana arewa maso yammacin ganuwa, wato duk wanda ya fuskanci kudu daga nan, ta saman fitilun birni zai leƙa. Hasken lantarki da hayaƙi sukan dusashe waɗannan abubuwa marasa ƙarfin haske.

Matsala ta biyu ita ce yanayi. Gajimaren Majelan kan ɗago da farkon dare a Disamba da Janairu, daidai lokacin da hazon hunturu ke turnuƙe sama. Karina kuwa sai Maris da Afrilu, Sentaurus A kuma wajen Mayu, gab da faɗuwar damina.

Ta fuskar aiki, ana kafa kyamara a kan maɗori mai ƙafa uku. Da yake sama tana juyawa digiri 15 a kowace awa, idan aka daɗe da buɗe idon kyamarar sai taurari su zama zare-zare. Dabarar ita ce a ɗauki hotuna masu yawa na 'yan daƙiƙoƙi, sannan a haɗa su a kwamfuta, ko kuma a yi amfani da na'urar da ke bin tafiyar taurari.

A taƙaice dai, matsayin Kano ya buɗe mata ƙofar kudu, amma hasken gari yana neman rufe ta. Don haka ya fi dacewa mai wannan sha'awa ya bar birnin a bayansa, ya nufi kudu, kamar wajen madatsar ruwa ta Tiga, a daren da babu farin wata.