Ciwon Baya Da Zaman Tsofaffi A Gida

Akasarin al'amuran gidan Bahaushe a ƙasa ake yin su. Bisa tabarma ake cin tuwo, a tsugune ake alwala, a duƙe ake shara, fartanya kuwa gajeriyar ƙota gare ta. Saboda haka ranar da ƙugun dattijo ya ƙi lanƙwasuwa, sai ya tarar kusan kowane aiki na yini ya fi ƙarfinsa.

Ciwon baya mai naci, a wurin likitoci, shi ne wanda ya wuce wata 3 bai saki mutum ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a 2020, kuma za su kai miliyan 843 a 2050, saboda jama'a na ƙaruwa, tsofaffi kuma na daɗa yawa. Mata sun fi maza shan wuyarsa.

Gaɓoɓi 5 na ƙashin baya da ke ƙugu su ne ke ɗauke da nauyin gangar jiki. Tsakanin kowace gaɓa da 'yar'uwarta akwai wani faifai mai taushi, aikinsa kamar na gammo. In shekaru suka ja sai ya bushe ya lotse. Duk da haka, wajen 90 cikin 100 na masu ciwon ba a iya nuna takamaiman abin da ya jawo musu shi.

Wahalar tana farawa tun asuba, wajen tashi daga shimfiɗa da tsugunnawa a masai. Shari'a ta yarje wa marar lafiya ya yi salla a zaune, amma dattawa da yawa suna jin nauyin a gan su bisa kujera a gefen sahu, sai su gwammace yin sallarsu a ɗaki. Daga nan a daina ganinsu wurin ɗaurin aure da jana'iza, majalisar ƙofar gida ma ta gagara. Tsohuwa kuwa ba ta iya goya jikanta, balle daka. Ga rashin barci. Tsohon ma'aikaci da ya shekara 35 bisa kujerar ofis, tsayuwar layin tantance 'yan fansho kaɗai ta isa ta kwantar da shi kwanaki.

Abin takaici, iyali sukan ce Baba ya kwanta ya huta, alhali doguwar kwanciya raunana naman baya take yi, ciwon ya daɗu. Sai kuma a aika yaro kemis ya sayo haɗi. Ƙwayoyi irin su diclofenac da ibuprofen suna rage zafi, amma in tsoho ya daɗe yana sha sukan jawo gyambon ciki su taɓa ƙoda. Ƙa'idojin da Hukumar ta fitar a Disamba 2023 sun fifita wayar da kai da motsa jiki, sun kuma ja kunne game da ɗamarar ɗaure ƙugu da magungunan dangin tramadol. Tafiya kaɗan kowace rana, da kujerar alwala, da tsintsiya mai doguwar sanda, ba su da tsada.

Akwai dai alamun da ba a jira da su: rama ba dalili, zazzaɓi, mutuwar ƙafafu, ko kasa riƙe fitsari. Waɗannan na iya nuna tarin fuka na ƙashin baya, ko daji, ko jijiya ce ta danne, kuma aikin asibiti ne, irin su Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano.