Malfar Luffy da gemun auduga: Za a iya taron masoya anime a Mafara?

Duk wanda ya shiga kasuwar Talata Mafara ranar Talata da la'asar, ya ratsa ta wajen masu cajin waya da tura fina-finai, zai ga abin da muka gani. Manya na neman fassarar fim ɗin Indiya, su kuwa 'yan sakandare sun yi cincirindo, kowa da memori a hannu, ana tambayar ko an samu ci gaban Naruto ko One Piece. Haka abin yake a Bakura da Maradun. Iyaye na kiran su katun kawai, amma ku da kuke kallo kun san sunansu anime, wato fina-finan zane na ƙasar Japan.

Da yawanku kun ga hotuna a Facebook da TikTok na matasa sun cika wani katafaren zaure a ƙarshen mako, kowa ya yi shigar tauraron da yake so. Daga nan tambayar ke tasowa: me ake yi a irin wannan taro, kuma mu nan za mu iya?

Yadda abin yake a can

Japanawa na kiran wannan shiga kosupure. Wani marubuci mai suna Nobuyuki Takahashi ne ya yaɗa kalmar a farkon shekarun 1980, ya haɗa kalmomin Turanci biyu masu nufin sutura da wasa. Ma'anar dai ita ce mutum ya yi shigar wani tauraro na zane, ya kwaikwayi tsayuwarsa da tafiyarsa na yini guda.

Uban tarukan shi ne Comiket na birnin Tokyo. An fara shi ranar 21 ga Disamba 1975 da ƙungiyoyin masu zane 32 da mahalarta kusan 700. A watan Disamba 2019, cikin kwana huɗu, an ƙirga shigar mutum kusan 750,000. Sau biyu ake yin sa a shekara, a Agusta da Disamba, a babban zauren Tokyo Big Sight. Abin da hotunan TikTok ba sa nuna muku shi ne, ba shigar ce ginshiƙin Comiket ba. Ginshiƙinsa dogayen layukan tebura ne, inda talakawan masu zane, ciki har da ɗalibai, ke zaune suna sayar da ƙananan littattafan da suka zana da hannunsu, suka buga da kuɗinsu. Ga kuma doka mai tsauri: ba a barin kowa ya taho daga gida da shigarsa. A jaka za ka ɗauko kayanka, ka sauya a ɗakin da aka tanada, ka cire kafin ka fita titi. Ku riƙe wannan dokar, za mu dawo kanta.

A birnin Nagoya kuma, tun 2003 ake yin World Cosplay Summit, inda ƙasashe ke turo mutum bibbiyu su fafata. Sharaɗin gasar shi ne kayan su zama aikin hannun masu sanye da su. Wanda ya je shago ya sayo rigarsa ba shi da wurin zama a nan.

A Najeriya, wanda ya fi suna shi ne Lagos Comic Con, wanda Ayodele Elegba ya kafa a 2012. Mutum zai sayi tikiti, ya zagaya teburan masu zane da masu haɗa wasannin kwamfuta, ya zauna ya saurari waɗanda suka mai da zane sana'a suna bayanin yadda suka fara, a ƙarshe a yi gasar shiga a kan dandamali. Sai dai daga Mafara zuwa Legas tafiyar yini ce cur a mota, wani lokaci har da kwana a hanya, ga kuɗin mota, ga masauki, ga halin da hanyoyi ke ciki. Ba mu ga uban da zai saki ɗan aji biyar ya kama wannan hanya don ya ga masu shigar Goku ba, kuma ba mu ga laifinsa ba.

Ai mun daɗe muna yi

Ku tuna daren goma ga watan azumi. An sha ruwa, an yi asham, sai ga yara sun fito. Wannan ya manna gemun auduga, ya sa tsumman riga, ya duƙa kan sanda yana kakkarwa kamar ɗan shekara tamanin. Wancan ya cusa tsumma a riga ya yi ƙaton ciki. Wani ya rataya layu da ƙullin saiwoyi ya zama Jatau mai magani. 'Yan mata sun shirya Mairama da Daudu, sun ɗaura wa ɗaya zane da ɗankwali irin na amarya. Ana bi gida-gida, ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi.

To mene ne wannan in ba shigar kwaikwayo ba? A tashe ma akwai tauraro sananne da kowa ya san kamanninsa, akwai kayan da yaro ya haɗa da hannunsa daga abin da ya tsinta a gida, akwai kwaikwayon murya da tafiya, akwai 'yan kallo masu yanke hukuncin wanda ya fi iyawa. Kakanninmu sun yi shi tun ba a san talabijin ba, alhali Astro Boy na Osamu Tezuka, wanda ake ɗauka shi ya buɗe wa anime ƙofar talabijin, sai a 1963 ya fito. Saboda haka duk wanda ya ce muku sanya kayan wani a yi wasa baƙon abu ne a ƙasar Hausa, ku tambaye shi ko bai taɓa manna gemun auduga ba.

Hannun ma muna da shi. Yaron da ya iya ƙera mota da karan dawa ko langa-langa ba zai gagara yin ɗaurin goshin Naruto ba: ƙyalle shuɗi ko baƙi, da gwangwanin madara da aka buɗe aka daddale, aka lanƙwashe bakinsa don kada ya yanki mutum, aka zana alamar ganye da ƙusa. Hular Luffy kuwa malfa ce, irin wadda manoman Bakolori ke sawa a gonar shinkafa, jan ƙyalle kawai za a zagaya mata. Rigar Tanjiro mai ɗakuna kore da baƙi, duk telan da ya iya haɗa ragowar yadi zai fitar da ita. Mun ga hotunan wasu da suka kashe maƙudan kuɗi a Turai, kuma a gaskiya malfarsu ba ta kai ta kasuwar Mafara kyau ba.

Inda gizo ke saƙar

Nan ne dole mu faɗa wa juna gaskiya. Yaron Tokyo da ya rufe fuska kamar Kakashi ya rataya takobin roba, dariya za a yi masa a ɗauke shi hoto. A yankinmu, mutum mai rufaffiyar fuska da makami yana nufin wani abu daban, kuma babu ɗalibin da ke buƙatar a yi masa bayani. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta na shekarar aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauki ɗalibai sama da 70 a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a Maradun. Bayan haka aka rufe makarantu, aka dakatar da kasuwannin mako-mako, aka katse layukan waya a faɗin jihar tsawon makonni. Wasunku a wannan zaman gidan ne ma suka fara kallon anime, ana tura wa juna ta Xender tunda babu intanet.

Don haka baƙar alkyabbar Akatsuki da rufin fuska da dogon abu a kafaɗa, a bakin gari da magariba, ba wasa ba ne. Ɗan sintiri ko jami'in tsaron da ya hango ka daga nesa bai san Itachi ba, kuma ba zai tsaya tambaya ba. Ko a Kano, a wasu shekarun baya-bayan nan 'yan sanda sun dakatar da tashe saboda ɓata-gari na fakewa da shi suna ƙwace. A Amurka ma, a manyan tarukan anime akwai teburin da ake duba duk wani makamin wasa a ƙofa, a ɗaura masa alama kafin a bari a shiga da shi. Dokar Comiket da muka ambata, ta zuwa da kaya a jaka, su don kada a takura wa mutane a jirgin ƙasa da tituna suka yi ta. Mu a nan tana iya zama dokar tsira da rai.

Sai maganar sutura da tarbiyya, wadda ita ce iyaye za su fara tambaya a kai. Gaskiya ne wasu taurarin anime, musamman mata, shigarsu ba ta dace da mu ba, kuma ba kowane anime aka yi don yara ba. Akwai masu zubar da jini fiye da kima, akwai masu batsa. Kasancewar abu zane bai wanke shi ba. Amma a Malesiya da Indonesiya 'yan mata Musulmi sun daɗe suna yin shigar taurari da hijabinsu: sukan zaɓi hijabi mai launin gashin tauraruwar, su tsawaita rigar, su saki ɗinkin. A Saudiyya kuma kamfanin Manga Productions ya haɗa hannu da Toei Animation, masu Dragon Ball da One Piece, suka fitar da fim ɗin The Journey a 2021, wanda aka gina kan labarin rundunar Abraha da ta nufi Makka. Game da hukuncin zana abu mai rai, malamai sun yi maganganu, kuma malamin Islamiyyarku ya fi wannan shafi cancantar amsa muku.

Akwai kuma ɓarawon da ba ya rufe fuska, wato lokaci. Naruto da Naruto Shippuden kashi 720 ne. In ka lissafa kowane kashi a minti 23, awa 276 ke nan, kwana goma sha ɗaya da rabi ba barci ba salla ba cin abinci. One Piece ya haura kashi 1,000. Ɗan aji shida mai jiran WAEC da NECO ya yi wannan lissafin da kansa. Masashi Kishimoto shekara 15 ya yi yana zana Naruto, daga 1999 zuwa 2014, don haka labarin ba zai gudu ba in ka ajiye shi wata uku.

Taron da ya dace da mu

A ganinmu ba sai an jira wani ya zo daga Legas ba. Makarantu da dama na da ƙungiyar wasan kwaikwayo ko ta Hausa ko ta 'yan jarida. Ɗaya daga cikinsu ta rubuta wa shugaban makaranta takarda ta hannun malamin da ke kula da ita, ta nemi aji biyu ranar Asabar daga ƙarfe tara zuwa azahar. A cikin makaranta, da rana, da sanin iyaye, kowa ya koma gida kafin la'asar. Makarantar 'yan mata ta yi nata, ta maza ta yi nata. Kaya a jaka, fuska a buɗe, takobi na kwali ko kara, ba ƙarfe ba, ba katako ba, kuma kada a ga ko da siffar bindiga. Kada a ɗauki hoton kowa sai da izininsa, wannan ma doka ce a tarukan Japan, balle a ɗora hoton 'yar mutane a TikTok.

Aji ɗaya na shiga, ɗayan na tebura. Mu wannan na biyun ya fi jan hankalinmu. A kowace makaranta akwai wanda bayan littafin lissafinsa ya cika da zanen idanu da takubba, yana shan faɗa a kai. A ba shi tebur. Ya ninke farar takarda huɗu, ya zana labari mai shafi takwas, a kai wa mai hoton takardu a buga kwafi ashirin. Abin da mutanen Comiket suka fara da shi ke nan a 1975.

Kuma wa ya ce sai taurarin Japan? Roye Okupe, ɗan Najeriya, ya ƙirƙiro Malika, jarumar da ya samo daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau, kuma labarinsa na Iyanu ya zama fim ɗin zane da Cartoon Network ta fara nunawa a 2025. A 2024 kamfanin Kugali ya yi Iwájú tare da Disney, labarin Legas ta gobe. Mu fa? Muna da Yargoje, sarauniyar da tarihin baka ya ce ta mulki Zamfara. Muna da Kanta na Kabi da ganuwar Surame. A littattafai akwai Ganɗoki na Bello Kagara da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, waɗanda faɗace-faɗacensu ba su gaza na Dragon Ball ba. Ku dubi ɗan dambe ma: hannu ɗaya naɗe da kara, layu a damtse, kirari kafin a gwabza, makaɗi na zuga shi kamar yadda Ɗan Anace ya zuga Shago. Duk abin da mai zanen manga ke nema ga jarumi yana nan, har da yaron da ke shan kaye a fagen ƙauye kafin ya zama gwani.

Wannan shafi a buɗe yake. Makarantar da ta fara shirya irin wannan rana a Mafara ko Bakura ko Maradun, malamin ƙungiyar ya aiko mana da bayani da hotunan zane-zanen, ba na fuskokin ɗalibai ba. Za mu zaɓi labarin zane guda mu buga shi cikakke, da sunan makarantar a samansa.