Koren Ruwan Tafki Da Dafin Da Tafasa Ba Ta Kashewa

Iyayena mata, yayyena da ƙannena, uwargida tare da amarya, musamman ku da ke Batsari da Ruma da Wagini, da Safana da Runka da Zakka, da sauran ƙauyukan da ke gefen dajin Rugu.

Hirarmu ta yau a kan ruwa take, ruwan nan na tafki ko kududdufi da kan koma kore shar idan rani ya yi nisa. Na san wata za ta ce, to ni da ke cikin gida, rabona da ganin bakin tafki tun ina budurwa, ina ruwana da launinsa? Ai kuwa ke ce da ruwa, 'yar'uwa. Yaro ne ko ɗan ga-ruwa ke zuwa ɗiba, amma randarki ce masaukin ruwan. Ke ce mai dama fura da shi, ke ce mai yi wa jariri wanka, ke ce kuma mai zuba wa awaki. Idon da zai yi wa ruwan nan kallon ƙarshe kafin ya shiga cikin mutane, naki ne.

Mu Hausawa duk wani kore-kore da muka gani bisa ruwa gansakuka muke ce mashi. To a gaskiya iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne kan zancen. Akwai wadda take kamar gashi ko zare, idan aka sa kara aka ɗago sai ta biyo shi tana reto. Wannan ƙazanta ce dai, tana ɓata ruwa, amma galibi ba ta da dafi. Akwai kuma wadda take kamar an kwaɓa koren fenti an zuba, ko kamar an kaɗa miyar kuka. Idan aka tsoma kara ba abin da zai biyo shi, sai dai ya fito a rine. Wannan ta biyu ba ma ciyawa ba ce. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya ganin guda ɗaya tasu, dangin ƙwayoyin cuta, masana na kiran su sayanobakteriya. Sai sun taru miliyoyi sannan ruwan ke sauya launi. Wasu daga cikinsu na ɗauke da dafi mai taɓa hanta, wasu mai taɓa jijiyoyi, wasu kuma mai sa ƙaiƙayi da ƙuraje. Ba kullum suke fitar da dafin ba, kuma ido ba ya iya tantance ranar da suka fitar. Shi ya sa ake cewa a guje su baki ɗaya.

Ruwa ba ya tsami banza, haka kuma ba ya kore banza. Abubuwa uku ne idan suka haɗu sai abin ya tashi: zafin rana, ruwa mai kwanciya wuri ɗaya, da abinci. Zafi da ruwan kwance kam muna da su, daga watan Maris zuwa Mayu ba sai an faɗa maki ba. Abincinsu kuwa shi ne ainihin abin da ke sa gero ya yi kyau a gona, wato taki. Takin zamani irin yuriya da kamfa, idan aka zuba ruwan sama ya wanke wani sashe ya gangara da shi tafki, to an yi wa waɗannan halittu noma ke nan. Haka kashin shanu da tumaki da ke shiga ruwa su sha su yi fitsari a ciki, haka jujin da ke bakin kududdufi, haka bayan gida da ake yi a fili, da masan da aka haƙa dab da ruwa. Har da ruwan wanki da wanke-wanke da ke fita ta rariyar gidanki ya bi kwata. Kin taɓa tambaya ina kwatar nan take ƙarewa? A yawancin unguwanninmu kududdufin bayan gari ne, wanda aka haƙa don ɗibar ƙasar gini. Shi ne kuma yara ke wanka a ciki, shi ne wasu ke komawa ɗiba ran da famfon burtsatse ya lalace.

A nan dole in tsaya in faɗi wani abu. A shekarun da rashin tsaro ya tsananta a wannan yanki, musamman daga 2019, mutanen ƙauyuka da dama sun taso sun cika garuruwa, rijiya ɗaya ta koma ta gidaje masu yawa, kuma ba uwar da za ta so ta aiki ɗanta nesa da gari saboda ruwa. Don haka ba wanda zan zarga da ganganci idan ya ɗebi na kusa. Amma dai gara a ɗiba da sani.

Kafin abin ya taɓa mutum, ruwan kansa yake fara kashewa. Da rana waɗannan halittu na fitar da iskar da kifi ke shaƙa, da dare kuma su zuƙe ta. Idan suka mutu suka ruɓe a ƙasan ruwa, ruɓewar ma iskar take ci. Shi ya sa masunta kan tarar da kifi da asuba ya taso sama yana buɗe baki, wata rana kuma a wayi gari ya mutu birjik a gaɓa. Ruwan sai ya ɗauki wari kamar na rumbun da ya jiƙa, wani lokaci kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Daga kifi sai dabbobi, domin su ba sa zaɓe, kuma a bakin gaɓa suke sha, inda iska ke tara kumfar. Akuya ko saniya na iya sha da hantsi, kafin la'asar ta fara tangaɗi tana dalalar da miyau, ta faɗi. Da yawa akan ce maciji ne ko sammu, ba a waiwayi ruwan ba. Kada ki raina abin: a shekarar 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a ƙasar Botsuwana, kuma hukumomin ƙasar suka bayyana cewa dafin irin wannan koren ruwa ne da suka sha a tafkuna. Abin da ya kayar da giwa, ina ga yaron da aka yaye jiya?

Yanzu ga inda nake so ki ajiye abin da ke hannunki ki saurara. Shekara da shekaru muna faɗa maku a tafasa ruwa kafin a sha, kuma har gobe muna nan a kan bakanmu, domin tafasa na kashe ƙwayoyin kwalara da taifot da na gudawa. Amma dafin koren ruwa ba rai ne da shi ba balle wuta ta kashe shi. Kamar gishiri yake a cikin miya. Idan miya ta yi gishiri kika ƙara mata wuta, me zai faru? Ruwa ya ƙone, gishiri ya ƙara fitowa. To haka wannan dafi, musamman mai taɓa hanta. Tafasa na fasa halittun, dafin da ke cikinsu ya tsiyaye cikin ruwa, tururi ya tafi, shi ya zauna daram. A watan Agusta na 2014, a wani birni na Amurka mai suna Toledo, an hana mutane wajen 400,000 shan ruwan famfo har kusan kwana uku saboda wannan dafi ya shigo daga tafkin da suke ja, kuma cikin sanarwar har da gargaɗin kada kowa ya tafasa. Waɗannan fa masu injinan tace ruwa ne na zamani. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, ma'aunin da ta sa tun 1998 ga ruwan sha na yau da kullum shi ne kada dafin ya wuce kashi ɗaya cikin miliyan na giram a lita guda. Giram ɗaya bai kai rabin ƙwayar dunƙulen magi ba, ki raba shi gida miliyan.

To tacewa fa? Iyayenmu za su tuna zamanin yaƙi da kurkunu, lokacin da ake raba ƙyallen tace ruwa gida-gida. Wannan dabara ta yi aiki, har aka tabbatar Nijeriya ta rabu da kurkunu a 2013. Sai dai ƙyalle na tare abin da ke da jiki ne, abin da ya narke kuwa wucewa yake yi. Alif ma haka, yana kwantar da laka da wani sashe na koren, ruwa ya yi garau a ido, amma bai taɓa dafin da ya riga ya narke ba. Saboda haka idan ruwa ya zo maki kamar fenti, ba na sha ba ne, ba na girki ba, ba na dama koko ko haɗa wa jariri madara ba. Mai jego ma kada a dafa mata ruwan wanka da shi, domin yawan ruwan da ake tafasawa da daɗewar da take yi tana watsa shi a jiki. Idan ba yadda za a yi, a bar shi ga yayyafin tsakar gida da kwaɓa ƙasa, a nemi na rijiya ko burtsatse ko da tulu ɗaya ne, a keɓe shi don baki.

Kada ki ɗauka wannan masifa ta talakan ƙauye ce kawai. Can bakin teku, inda mu ba mu da shi, akwai garuruwan da abincinsu kacokan ya dogara ga baƙi masu zuwa yawon buɗe ido, su kama ɗaki a otal, su yi wanka, su sayi kifi da tsaraba. Su ma taki da ƙazantar da koguna ke kai wa teku na haifar masu da irin nasu, sai dai tasu ciyawar ruwa ce manya. A 2008, ana saura 'yan makonni a yi tseren jiragen ruwa na wasannin Olamfik a birnin Cindawo na ƙasar Sin, koriyar ciyawa ta rufe gaɓar, sai da aka fito da mutane fiye da 10,000 da ɗaruruwan jirage ana kwasa. A 2009, a gaɓar Biritani ta ƙasar Faransa, doki ya faɗa cikin tarin irin wannan ciyawa da ta ruɓe, warin da ya taso ya kashe shi nan take, mahayin kuma aka janyo shi a sume. Tun daga 2011 kuma wata ja-ja-ja ke tasowa daga tsakiyar tekun Atilantika tana jibgewa a gaɓar Saliyo da Gana da Legas, har can Meziko, tana cika komar masunta tana korar baƙi da wari. Baƙo dai ba zai biya kuɗi don ya toshe hanci ba. Ran da ya fasa zuwa, mai otal ya yi asara, amma wadda ta fi jin jiki ita ce mai soya kifi da mai wankau, da matar da ke cikin gida tana ƙulla gyaɗa yaro na kai mata talla. Irinmu dai.

Mu dawo gida. Manyan ruwayenmu irin dam ɗin Zobe da ke Dutsin-Ma, wanda aka gama a 1983, da na Jibiya, su ma ruwan kwance ne, kuma abin da gonaki da garuruwa suka zubar a rafuka can yake taruwa. Kula da su aikin hukuma ne. Naki aikin yana farawa daga bakin zaure.

Idan kina shakkar ruwan da aka kawo, ga gwajin da ba ya cin ko kwabo. Samu kwalba mai haske, ki zuba ruwan ya kusa cika, ki rufe, ki ajiye a wuri mai sanyi da duhu kamar bayan randa, kada kowa ya girgiza ta har safe. Idan koren ya kwanta a ƙasa, alama ce ta gansakuka ta yau da kullum. Idan kuwa ya taso ya yi zobe a wuyan kwalbar, to mai yiwuwa mugun ne, domin shi yana da dabarar tasowa sama neman rana. Gwajin ba hukunci ba ne na ƙarshe, amma ya isa ki ce a sauya wurin ɗiba. Ki riƙa tambayar mai kawo maki ruwa, daga ina? Yaya fuskar ruwan take yau? Ba rashin kunya ba ne, kuɗinki kika biya. Yaro kuma ki koya mashi gwajin kara, ki ce kada ya kore kumfa da hannu ya cusa jarka a wurin, abin da yara suka saba yi ke nan. Ya zagaya ɓangaren da iska ke fitowa, can ya fi sauƙi. Inda akwai yashi a gefe, a ja baya kaɗan a tona rami a jira ruwa ya tsattsafo, wannan ya fi na cikin tafkin nesa ba kusa ba, sannan a tace a tafasa saboda sauran cututtuka.

Kifin da aka tsinta a mace, komai arharsa, kada ya shiga tukunyarki. Wanda aka kama da rai a irin wannan ruwa, a cire kayan cikinsa duka a binne, domin a hanta da hanji dafin ya fi taruwa, kada a jefa wa kaji ko kyanwa.

Sauran magana ta maigida ce, kuma ke kika san lokacin da ake faɗa mashi abu ya ji. Idan zai haƙa masai, ya nisanta shi daga rijiya da kududdufi. Takin dabbobin gida a kwashe a kai gona kafin ruwan farko ya wanke shi. Ruwan wanki a yi mashi ɗan rami a cika da tsakuwa ya nutse nan cikin gida. In dabbobi biyu ko uku suka faɗi bayan sun sha wuri ɗaya, ya sanar da mai unguwa da malamin dabbobi a ranar, a tsare wurin, naman kuma kada a raba.

Idan yaro ya dawo daga wanka idonsa ya yi ja, jikinsa na ƙaiƙayi, ki wanke shi da sabulu da ruwa mai kyau nan da nan, har kayan jikinsa. In amai da gudawa suka biyo baya, ki fara ba shi ruwan gishiri da sukari, amma da ruwan rijiya ko na leda za ki haɗa, ba da wanda ya jawo ciwon ba. In kika ga jikinsa ya saki, ko numfashi na yi mashi wuya, ko idonsa ya soma rawaya, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne. Wanda zai kai shi kuma ki jaddada mashi ya gaya wa ma'aikacin lafiya sunan tafkin da yaron ya shiga, da launin ruwan, da ranar da abin ya faru.