Toshewar Jijiyoyin Zuciya da Rikicewar Bugunta

Zuciya ce ke tura jini zuwa ko'ina a jiki, amma nata rabon yana zuwa ne ta jijiyoyi biyu, ta dama da ta hagu, waɗanda suka yi rassa suka lulluɓe ta. Idan kitse ya taru a bangonsu hanyar ta ƙuntata, ko gudan jini ya toshe ta baki ɗaya, tsokar da ke gaban wurin sai ta rasa iskar da jini ke kai mata.

Illar ba ta tsaya ga ciwon ƙirji ba. Wani ɗan lantarki ne da ke tashi daga saman zuciya yake tsara bugunta, sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan baligi yana hutawa. Tsokar da ta rasa jini ba ta isar da wannan lantarki daidai, sai ɗakunan ƙasa na zuciya su kama gudu fiye da kima, ko su shiga karkarwa ba tare da tura jini ba. Wannan karkarwa ce ke kayar da mutum nan take, ita ce kuma sanadin yawancin mutuwar fuju'a a sa'o'in farko na toshewar jijiya. Ba a tsayar da ita sai da na'urar da ke ba zuciya shokin ta ƙirji.

Maganin asali shi ne a maido da jini. Wani lokaci ana ba da allurar narkar da gudan jini, wadda ta fi amfani a sa'o'in farko, kuma ba kasafai ake ba da ita bayan awa 12 ba. Mafi inganci, inda akwai kayan aiki, shi ne a zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko ta cinya, a hura ƙaramin balan-balan a wurin da ya toshe, a bar 'yar ragar ƙarfe ta riƙe hanyar. Likita Andreas Grüntzig ne ya fara buɗe jijiyar zuciya da balan-balan a Zurich a 1977. Idan kuwa jijiyoyi da yawa ne suka lalace, musamman ga mai ciwon suga, akan yi tiyata a ɗauko jijiya daga ƙafa ko ƙirji a kewaye toshewar da ita, aikin da René Favaloro ya kafa a Amurka a 1967.

Sai dai aikin maido da jinin yana da iyaka. Tsokar da ta yi kamar minti 20 zuwa 30 ba jini takan fara mutuwa, wadda ta mutu kuwa tabo take zama, ba ta farfaɗowa. Lantarki yakan riƙa kewaya gefen tabon, ya tayar da mugun bugu ko bayan shekaru, alhali jijiyar tana buɗe. Shi ya sa ake sake ɗaukar hoton zuciya kimanin wata uku bayan aikin. Idan abin da take fitarwa a kowane bugu bai wuce kashi 35 cikin ɗari na jinin da ke cikinta ba, likita yakan ba da shawarar dasa ƙaramar na'ura a ƙarƙashin fata, wadda ke gane rikicewar ta gyara da kanta. Magungunan rage gudun zuciya da na hana daskarewar jini su ma ba a barinsu sai da izinin likita, domin idan aka bar na hana daskarewar jinin, ragar tana iya toshewa.

Jinkiri ne ya fi yin ɓarna, don sau da yawa akan ɗauki ciwon a matsayin olsa. Duk wanda ya ji nauyi ko matsi a ƙirji da ke sauka kafaɗa, hannu ko muƙamuƙi, tare da gumi, haki ko suma, a kai shi asibitin da ke gwajin lantarkin zuciya (ECG) ba tare da jiran gari ya waye ba.