Taka Kuloci Sau Biyu Wajen Rage Giya a Motar Tsere

Idan direban motar tsere ya doshi kwana, tilas ne ya rage giya, watau ya sauko daga ta uku zuwa ta biyu. To, a nan wuyar take. Alal misali, injin da ke juyi 3,000 cikin minti ɗaya a giya ta uku yana iya bukatar 4,500 a ta biyu, alhali gudun motar bai sake ba. In aka saki kuloci ba a cike wannan giɓi ba, sai tayoyin baya su cije, motar ta zame.

Ga yadda dabarar take: direba ya taka kuloci, ya mai da giya firi, ya saki kulocin, ya ɗan taɓa totur, ya sake taka kuloci, sa'an nan ya sa ta biyu. Sakin nan na tsakiya shi ne muhimmi, domin shi ke haɗa inji da sandar cikin giyabos, har ta kai gudun da haƙora za su shiga juna ba gurnani. Gwanaye kuwa ƙafar dama suke raba wa aiki biyu, yatsu a kan birki, diddige a kan totur.

Tun 1928, da kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da giya mai na'urar daidaita gudu, taka kuloci sau biyu ya fara zama zaɓi. Sai dai na'urar nan sandar kaɗai take daidaitawa, ba ta taɓa inji. Saboda haka taɓa totur yana nan wuyan direba, in ba a irin su Nissan 370Z ta 2009 ba, wadda ke ba kanta wuta.