Yadda Mai Ke Maye Gurbin Kuloci a Mota Mai Canja Giya da Kanta

Abin da wannan maƙala za ta warware shi ne: yaya mota maras kuloci take tsayawa cik tana cikin giya, amma injinta bai mutu ba? Amsar tana cikin wata na'ura da ake kira tok-kwanbata, watau wata rufaffiyar tukunyar ƙarfe cike da mai, wadda ke tsakanin inji da akwatin giya.

Asalinta daga jiragen ruwa ne. Wani injiniya Bajamushe, Hermann Föttinger, shi ya yi rajistar fasahar a 1905. Kamfanin Buick na Amurka kuwa ya sa ta cikin motocinsa a 1948.

Cikin tukunyar akwai farfela uku. Ta farko manne take da jikin tukunyar, inji ne ke juya ta, ita kuma tana watsa mai. Ta biyu tana fuskantar ta farko, an haɗa ta da sandar da ta shiga akwatin giya, man da aka watso shi ke tura ta. Babu ƙarfen da ya haɗa su. Misalinsu kamar a juya ruwa cikin ƙwarya da muciya ne: ludayin da ke yawo a kai zai bi juyin, alhali muciya ba ta taɓa shi ba. Saboda haka in direba ya taka birki, farfela ta biyu takan tsaya, ta farko ta ci gaba da juyawa a hankali, inji kuwa bai shaƙe ba.

Farfela ta uku ƙarama ce, tana tsakiya, kuma gefe ɗaya kaɗai take iya juyawa. Lokacin tashi takan kafe, ta karkatar da man da ya dawo domin ya taimaki ta farko maimakon ya yi karo da ita. Ta haka ƙarfin juyi kan ninka kamar sau biyu. Da gudun ta biyu ya kusa kamo na ta farko, sai ƙaramar ta saki, ta bi su.

Sai dai wannan tsari yana da aibi: duk ƙarfin da ya zurare cikin mai zafi yake zama. Don haka motocin zamani suke da wani ɗan kuloci a cikin tukunyar, mai ɗaure inji da giya kai tsaye in tafiya ta miƙa, a sami sauƙin shan fetur.

A taƙaice dai, man giya shi ne ran irin wannan mota. Direban da ya riƙe ta a kan tudu da totur maimakon birki, ko ya bar man ya ragu, ko ya yi baƙi yana warin ƙuna, to dafa giyarsa yake yi, kuma gyaranta ya fi kuɗin mai nesa ba kusa ba.