Yadda Fata Ke Shanye Hasken Rana

Hasken rana gauraye yake da launuka da yawa, kuma kowane abu da ya sauka a kansa yakan shanye wasu, ya mayar da sauran. Wanda ya mayar shi ne launin da ido ke gani. Ganyen shinkafa a fadamar Rima yana shanye ja da shuɗi, ya mayar da kore. Baƙar riga kuwa kusan duka take shanyewa, ta mai da shi zafi, shi ya sa fara ta fi daɗin sawa da bazara.

Akwai kuma hasken da ido ba ya gani, ultrabayolet, wanda tsawon zangonsa bai kai nanomita 400 ba. Yana ratsa fata, ya ɓata ƙwayoyin gado, har ya kai ga ciwon daji. A garin Ambursa, inda rana ke tsayawa daidai tsakar ka a ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta, ƙarfinsa ba kaɗan ba ne.

Garkuwar jiki ita ce melanin, sinadarin da ke sa fata duhu. Yakan taru kamar malafa a kan cibiyar ƙwayar fata, ya shanye hasken, ya sake shi a matsayin ɗan zafi marar lahani. Man bilicin yana hana jiki yin melanin.

Zabiya kuwa da ƙarancinsa ake haihuwarsa, don haka yinin noma ko kamun kifi a Argungu kan ƙona masa fata. Doguwar riga, malafa, inuwa da man kare rana su ne madadin abin da jikinsa bai samar ba.